Mai tsaron raga 'yar Jidda: ta zauna a gasar Saudiyya ko ta tafi Najeriya?

A gidajen Hausawan Jidda da Makka, yarinyar da ta iya kama ƙwallo ba abin ɓoyewa ba ce yanzu kamar shekaru goma baya. A 2017 aka shigar da wasannin motsa jiki makarantun 'yan mata na gwamnati, a Janairun 2018 aka bar mata suka fara shiga filin wasa kallo, a Oktoban 2022 kuma aka buɗe babbar gasar mata ta ƙasa. 'Yan matan da suka taso cikin wannan canji sun kai 16 da 17, kuma a cikinsu akwai namu. Tambayar da ke tasowa a irin gidajen nan ita ce: yarinya an haife ta a nan, Larabci a bakinta, amma fasfo ɗinta na Najeriya ne, igama ce takardar zamanta, koci ya ce tana da hannu a raga. Ta zauna ta nemi gurbi a gasar Saudiyya, ko a kai ta gida ta bi hanyar da ke kaiwa ga Super Falcons, babbar tawagar matan Najeriya?

Wadda mahaifinta ke da tabi'iyya, wato takardar zama ɗan ƙasar Saudiyya, ba ta cikin wannan ruɗani. Ƙasarta Saudiyya, kuma ba baƙon abu ba ne Bahaushe ya sa rigar ƙasar nan. 'Yan baya uku masu sunan Hausawi, wato Usama da Umar da Mu'utaz, suna cikin tawagar maza da ta je gasar cin kofin duniya ta 2018 a Rasha, Usama ne ma kyaftin. Maganata da mai igama nake. Dokar FIFA ba ta duba inda aka binne cibiyar mutum ita kaɗai, sai kana riƙe da takardar zama ɗan ƙasa kafin ka buga wa ƙasa, kuma haihuwa a Saudiyya ba ta ba ɗan baƙo wannan takarda. Saboda haka 'yar igama ko ta fi kowa iya tsaron raga a Jidda, rigar ƙasa ɗaya ce a gabanta, ta Najeriya. Duk lissafin daga nan yake farawa.

Sai kuma abin da ya raba gola da sauran 'yan wasa. 'Yar tsakiya idan ba a fara da ita ba, za a iya sako ta saura minti 20, ko a tura ta gefe, ko a mai da ita baya. Gola kujera ɗaya ce. Ta biyu za ta iya shekara guda tana ɗumama jiki tana komawa benci, ba ta taɓa ƙwallo a wasan gasa ba. Kuma abubuwan da ke sa gola ta zama gola, lokacin fitowa a tare bugun kwana, sanin lokacin da za a tsaya da lokacin da za a faɗa ƙafar mai kai hari, tsawa ga 'yan baya, ba a koyonsu sosai a atisaye. Sai a wasan da kuskure ke da farashi. Don haka duk inda zan auna wuraren nan biyu, da wannan ma'auni nake fara aunawa: wasa nawa za ta tsaya a raga a shekara, kuma wa ke buga mata ƙwallon?

Masu cewa a kai ta gida suna da hujja mai suna Chiamaka Nnadozie. An haife ta a Disamban 2000 a jihar Imo, ta taso a Rivers Angels ta Fatakwal, ta tsare wa Falconets raga a gasar duniya ta 'yan ƙasa da 20 a Faransa a 2018. Shekara ɗaya bayan nan aka tafi da ita babbar gasar duniya, a Faransan dai. Ba ita aka fara da ita ba. Tochukwu Oluehi ce ta tsaya a wasan farko, Norway ta ci 3 da nema, sai koci Thomas Dennerby ya sa yarinya 'yar 18 a wasa na biyu da Koriya ta Kudu. Najeriya ta ci 2 da nema, Nnadozie ta zama gola mafi ƙarancin shekaru da ta gama wasa a gasar ba a zura mata ko ɗaya ba. A Janairun 2020 Paris FC ta ɗauke ta.

Wanda ya kalli wasan Najeriya da Kanada a Melbourne a Yulin 2023 ba zai manta farkon zagaye na biyu ba. An ba Kanada fenariti. Mai bugawa Christine Sinclair ce, wadda babu namiji ko mace da ya kai ta yawan ƙwallaye a wasan ƙasa da ƙasa, kuma tana neman zama ta farko da ta ci a gasar duniya shida. Nnadozie ba ta yi gaggawar zaɓar gefe ba. Ta jira ƙafa ta taɓa ƙwallo, ta kwanta hagunta ƙasa-ƙasa ta tare, ƙwallon ta tsaya nan kusa, kafin kowa ya iso ta sake miƙa hannu ta kaɗe ta gefe. Wannan hannu na biyun shi na fi so in nuna wa yara, don yawancinsu da sun tare ta farko sai su kwanta suna jiran tafi. Aka tashi babu ci. Najeriya ta doke mai masauki Ostireliya 3 da 2, ta yi canjaras da Ireland, ta riƙe Ingila minti 120 kafin a fitar da ita a bugun fenariti. Bayan nan abubuwa suka yi ta biyo juna: Paris FC ta fitar da Arsenal da Wolfsburg a share fagen gasar zakarun Turai a 2023, hukumar CAF ta ba ta kambun golar Afirka a 2023 da 2024, ta ci kofin Faransa a Mayun 2025, ta koma Brighton a Ingila, ta kuma ɗaga kofin Afirka a Rabat a Yulin 2025, karo na 10 ga Najeriya, bayan an doke Maroko 3 da 2.

Abin lura a tarihin nan shi ne matakala. Ƙungiyar gida, tawagar matasa, babbar tawaga, sannan Turai, kowane mataki shi ya nuna ta ga na gaba. Najeriya na da wannan matakala a kafe. Ba ta taɓa rasa zuwa gasar duniya ta mata ba tun ta farko a 1991. Falconets sun kai wasan ƙarshe a 2010 da 2014, Flamingos ta 'yan ƙasa da 17 ta zo ta uku a Indiya a 2022, kuma yanzu duk shekara ake gasar 'yan ƙasa da 17 ɗin, a Maroko har zuwa 2029. Masu zaɓen 'yan wasan tawagogin matasa gasar cikin gida suka fi sa wa ido. Yarinyar da ke tsaron ragar Edo Queens ko Bayelsa Queens ko Nasarawa Amazons tana gaban idonsu kowane mako. Wadda ke Jidda sai an kai musu labari.

To amma a faɗi ɗaya gefen. Yawancin ƙungiyoyin gasar mata ta Najeriya na gwamnatocin jihohi ne, kuma manyansu a kudu suke: Fatakwal, Yenagoa, Benin, Asaba. Mafi kusa da gida ga Bahaushiya su ne irin su Lafiya da Yola. Yarinyar da ta tashi a unguwar Hindawiyya ko Sabil a Jidda, ba ta jin Turancin buroka, danginta na Kano ko Sakkwato ko Damagaram, za a ajiye ta a sansanin ƙungiya cikin mutanen da ba ta sani ba, tafiyar wasa a mota ta yini guda ko fiye. Ba a ce ba za a iya ba, ga Halimatu Ayinde haifaffiyar Kaduna ta yi suna a Falcons da Sweden. Sai dai ita a can ta taso, ta san ƙasar. Sannan za ta tarar da layi. Najeriya ba ta ƙarancin masu tsaron raga, kuma 'yan matan da za ta tarar sun fara faɗuwa a kan jar ƙasa tun suna 9 da 10. Ƙungiyar da ke fafutukar shiga zagayen Super 6, inda ƙungiyoyi shida na sama ke fitar da zakara, ba za ta cire golar da ta saba da ita ta sa baƙuwa 'yar 17 ba don kawai daga Saudiyya ta zo. Ko a sama ma kujerar a cike take: Nnadozie haihuwar 2000 ce, kuma gola kan kai 35 zuwa sama tana wasa. Yewande Balogun, wadda aka haifa a Amurka, ta samu kira har aka je gasar duniya ta 2023 da ita, amma daga benci ta kalla.

Batun kuɗi ma ba a rufe yake ba. Falcons sun ƙi barin otal a Abuja a 2016 saboda alawus, an sake irin haka a Faransa a 2019, sun ƙaurace wa atisaye a Maroko a 2022. Gaskiya ne bayan kofin 2025 shugaba Tinubu ya sanar da kyautar dala 100,000 da gida da lambar girma ga kowace 'yar wasa, amma wannan rabon 'yan matan da suka isa ƙololuwa ne, ba albashin golar ƙungiyar jiha ba. Riyal yana ɗaure da dala a kan 3.75 tun 1986. Naira kuwa daga wajen 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Uban da ke aika kuɗi gida duk wata ba ya buƙatar a yi masa bayani.

Na ji wannan gardama a wani taron suna a Shara Mansur ta Makka, tsakanin wani magidanci da yayarsa, kan 'yarsa. Ita ta ce, "Kai dai Malam, ka bar yarinyar nan a gabanmu. Mu da muka baro can don neman rufin asiri, kai kuma za ka mayar da ita da hannunka?" Ya ce, "Yaya, a nan ko ta shekara goma tana kamawa, ba mai kiranta ta sa rigar ƙasa." Ta ce, "To a can wa ya ce maka za a kira ta?" Duka biyun gaskiya suka faɗa, shi ya sa aka tashi ba a sasanta ba.

Yanzu Saudiyya. Abin da take da shi wanda Najeriya ba ta da shi a fili yake: yarinya na kwana a ɗakin uwarta, tana gama makarantarta, atisaye bayan la'asar ko bayan isha a fili mai fitila da ciyawa mai kyau. Manyan kulob na maza su ne suka rungumi ƙungiyoyin matan, Al-Nassr da Al-Hilal da Al-Shabab a Riyad, Al-Ittihad da Al-Ahli a nan Jidda, Al-Qadsiah a gabas, saboda haka likita da wurin motsa jiki da kocin gola ba abin roƙo ba ne a babban rukuni. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Gola ba ta gyaruwa a hannun kocin da ke kula da mutum 25, sai ta sami mai tsayawa a kanta yana gyara mata tsayuwar ƙafa, da yadda za ta buɗe yatsu bayan ƙwallo, da yadda za ta faɗi a gefen jiki ba a kan gwiwar hannu ba. Wanda ya taɓa tsayawa bayan raga a daren Jidda na watan Satumba ya san sauran: laima ta sa safar hannu ta jiƙe tun kafin a fara, ƙwallo na sulɓi, yarinya na goge hannu a tawul ɗin da ta rataye a raga bayan kowane kamu. Dogon wandon da iyaye suka sa sharaɗi ma sai ya zama kariya daga ƙunar ciyawar roba.

Layin ma bai kai na Najeriya tsawo ba, don wasan sabo ne. Tawagar ƙasar a Fabrairun 2022 ta buga wasanta na farko, ƙarƙashin Bajamushiya Monika Staab, ta ci Seychelles 2 da nema. A Maris 2023 ta shiga jerin FIFA a matsayi na 171. 'Yan ƙasa irin su Sara Khalid, wadda ta tsare ragar Al-Nassr, ƙungiyar da ta cinye kaka uku na farko a jere, su ne rukunin farko, kuma ba su da yawa. Yarinya mai tsayi da ƙarfin zuciya za a gan ta da wuri.

Inda gizo ke saƙar shi ne yawan wasa da kuma matsayinta a takarda. Kaka biyu na farko ƙungiyoyi 8 ne, wato wasa 14 a shekara. Ta uku aka kai 10, wasa 18. Ko an haɗa da kofin hukumar ƙwallon ƙasar, wanda Al-Ahli ta ci karo biyun farko, adadin bai taka kara ya karya ba ga mai koyo. Wadda take ta biyu a irin wannan gasa shekararta ta tafi a banza. Sannan kowace ƙungiya na da iyakar baƙin da za ta yi wa rajista, kuma adadin na canzawa daga kaka zuwa kaka. Idan a matsayin baƙuwa za a rubuta 'yarmu, to da ƙwararrun da aka sayo daga Afirka da Turai take takarar gurbi, kuma kulob zai fi son kashe gurbinsa a kan mai cin ƙwallo. Hukumar ƙasar kuma, bisa dalili mai kyau a wajenta, golar da za ta tsare wa Saudiyya raga take son ta ga tana samun wasa. Masu bin ƙwallon maza sun san rukunin mawalid, wato haifaffun ƙasar da ba su da tabi'iyya. Tambayar farko da uba zai yi wa kulob ke nan: a wane rukuni za ku rubuta ta a wannan kaka, kuma a nuna mini a takarda.

Akwai kuma wani amfani da ba a cika faɗa ba. Baƙin nan da ke tare mata gurbi su ne kuma ke buga mata ƙwallo. Daga cikin 'yan Falcons, Ashleigh Plumptre ta zo Al-Ittihad a 2023, Asisat Oshoala ta zo Al-Hilal a 2025. Golar da ta tsaya gaban Oshoala, mai kambun gwarzuwar 'yar wasan Afirka har sau shida, ta ga bugun da ba kowace gola a gasar Najeriya ke gani ba. Matsalar ita ce ba kowane mako ake samun haka ba. Tazarar da ke tsakanin manya da ƙanana a gasar tana da faɗi, wata rana golar babbar ƙungiya sai ta yi minti 90 tana kallo.

Shin daga Saudiyya ana samun kiran Falcons? Ana samu. Oluehi, wadda ta tare fenaritin da ya ba Najeriya kofin Afirka a kan Afirka ta Kudu a Accra a 2018, tana ƙungiyar Eastern Flames ta gabashin Saudiyya aka tafi da ita wasannin Olympics na 2024 a Faransa. Plumptre ma daga Jidda take zuwa. Amma a duba shekaru: Oluehi haihuwar 1987 ce, ta zo nan bayan ta gama yin suna a gida da Turai. Plumptre ta zo bayan Leicester City da gasar duniya. Da sunansu suka shigo. Gasar Saudiyya ta nuna tana iya riƙe wa mai suna sunansa. Aikin fito da sabuwar gola har Abuja ta waiwayo kuwa sai an haɗa da ƙoƙarin iyaye, a tara bidiyon cikakkun wasanni, ba guntayen kamu masu kiɗa a TikTok ba, a kai ga masu horar da tawagogin matasa.

Turai fa? Ba zaɓin yau ba ce. Dokar FIFA ta hana ɗaukar ɗan wasa zuwa wata ƙasa kafin ya cika 18, in ban da 'yan keɓantattun dalilai. Kuma Bahaushiya mai ɗankwali ta san wannan tun yanzu: ko da yake dokar ƙwallo ta duniya ta halatta rufe kai tun 2014, har Nouhaila Benzina ta Maroko ta buga gasar duniya ta 2023 da hijabi, hukumar ƙwallon Faransa ta hana shi a gasanninta, kuma babbar kotun gudanarwa ta ƙasar ta goyi bayanta a Yunin 2023. Ƙofar da Nnadozie ta bi ta Paris ba a buɗe take ga kowa ba. Ingila ba ta da wannan hani. A Saudiyya da Najeriya kuwa maganar ba ta tasowa a doka.

Abu ɗaya da nake ganin iyaye na rainawa shi ne igamar kanta. Zuwa Najeriya da fasfon Najeriya abu ne mai sauƙi, dawowar ce aiki. Yarinya na ƙarƙashin igamar mahaifinta, ana biya mata riyal 400 duk wata tun 2020. Idan ta fita da bizar fita da dawowa, wa'adi ne da ita. Idan uba ya ga kuɗin banza yake biya ya yi mata fita ta ƙarshe, sannan gwaji bai yi kyau ba, ko gwiwa ta samu matsala a wata na uku, to ga yarinya can, ga uwa nan. Wadanda takardunsu ba su cika ba kuwa, maganar kulob ma ba ta taso ba, don ba mai yi wa ɗan wasa rajista babu igama mai rai.

Ni a ganina, 'yar 16 ko 17 ta zauna. Ta gama sakandare, ta nemi ƙungiyar da za ta tsaya a raga ko da a rukuni na biyu ne ko gasar matasa. Ƙaramar ƙungiyar da ake yi wa ruwan ƙwallaye ta fi mata bencin Al-Ittihad amfani nesa ba kusa ba. A sabunta fasfo, a haɗa shi da lambar NIN, don kira idan ya zo ba ya jiran ofishin jakadanci. Idan ta kai 18 sai a ƙirga. In ta tsaya a mafi yawan wasannin kaka biyu, kulob ya ba ta kwantiragi a rubuce mai albashi da inshorar rauni, ba dalilin tashi. Daga nan ma za a iya neman gwaji a sansanin Falconets lokacin hutun kaka, igamarta na nan. A karanta kwantiragin da kyau, har da sashen haihuwa, don tun 2021 dokar FIFA ta ba ƙwararriyar 'yar wasa hutun mako 14 da aƙalla kashi biyu cikin uku na albashi, kuma 'ya'yanmu ba sa daɗewa ba su yi aure ba.

In kuwa kaka biyu sun wuce tana benci saboda gurbin baƙi, kuma ita da bakinta ta ce rigar Najeriya take so, to tafiya ta halatta, da sharuɗɗa uku: gayyata a rubuce daga ƙungiyar da ke babban rukuni, ba bakin dillali ba, ɗan'uwa na jini a garin ko kusa da shi, da bizar dawowa mai tsawon da zai rufe lokacin gwajin. Kafin a sayi tikiti a tambayi ƙungiyar gola nawa take da su, shekarunsu nawa, da wace ce ta tsaya a wasanni biyar na ƙarshe. Idan amsar ita ce uku, kuma ta farkon 'yar 22 ce da ba ta taɓa rauni ba, a nemi wata ƙungiyar.